Barin dabba a cikin motar da aka faka a rana: muhawarar mazauna Zariya

Maman Abba, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin dabbobi. Ranar Asabar mai zuwa maigida zai kai kyanwar yara asibitin dabbobi da ke Samaru domin a yi mata allurar rigakafi, kuma ya ce a hanyar dawowa zai tsaya a kasuwar Sabon Gari ya yi cefanen mako, ya bar ta cikin kwandonta a kujerar baya, ya ɗan sassauta gilashi domin iska ta riƙa shiga. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ganin irin zafin da ake yi a wannan wata na Afrilu, amma shi yana ganin tun da ba zai wuce minti 20 ba, babu abin da zai same ta. Shin tsorona yana da tushe, ko kuwa zuciyar uwa ce kawai take raya mini?

Baban Khadija, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A ganina wannan batu na Turawa ne, waɗanda dabbobinsu suka saba da sanyi, suke kwana a kan katifa. Tun muna yara muke ganin karnuka da kyanwowi da awaki suna yini a tsakar rana a garin nan, a tsakiyar bazara, kuma ban taɓa jin an ce rana ta kashe ɗaya daga cikinsu ba. Dabbar da aka haifa a Zariya ta san zafin Zariya. Tun da maigida zai bar kafar iska, minti 20 ba wani abu ba ne.

Dakta, Samaru:
Hajiya, tsoronki yana da tushe, kuma ina roƙon ki gaya wa maigida ya sauya tsarin tafiyar: ya yi cefanen tun da farko shi kaɗai, ko ya mayar da kyanwar gida kafin ya koma kasuwa. Alhaji Baban Khadija, ka yi mini uzuri, zan saɓa maka, domin abin da ka faɗa shi ne ainihin tunanin da yake jawo asarar dabbobi.

Gaskiya ne dabbobinmu suna yini a waje lokacin bazara, amma ka lura da abin da suke yi idan rana ta take. Kare yana tona rami a gindin bishiya ya kwanta a ƙasa mai sanyi, ko ya shige ƙarƙashin mota, ko ya bi bakin rariya inda akwai danshi. Kyanwa tana neman gindin randa ko kan siminti a zaure. Akuya tana bin inuwar katanga, tana matsawa yayin da inuwar take matsawa. Ba juriyar zafi ce take tsirar da su ba, damar guje masa ce. Dabbar da aka rufe a mota an ƙwace mata wannan damar gaba ɗaya, ba ta da inda za ta matsa, ba ta da ƙasa mai sanyi, ba ta da ruwa, kuma zafin da yake cikin motar ba irin na waje ba ne.

Zafin jikin kare ko kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya a ma'aunin Salsiyas, wato ya ɗan ɗara namu. Idan ya haura 41, an shiga haɗarin da muke kira bugun zafi, inda ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da hanji suke fara lalacewa. Tazarar da ke tsakanin lafiya da halaka ke nan, digiri 2 ko 3 kacal. Ga kuma babban bambancin da ke tsakaninmu da su: mu muna yin zufa a duk jikinmu, su kuwa zufar da take da amfani gare su ba ta wuce ta tafin ƙafa ba, wadda ba ta taka kara ta karya ba. Kare yana sanyaya jikinsa ne ta hanyar haki, danshin harshe da na maƙogwaro yana bin iska yana tafiya da zafi. Kyanwa tana lasar gashinta domin yawun ya bushe ya sanyaya ta. Duka hanyoyin biyu sun fi aiki ne a busasshiyar iska mai sanyi wadda take sauyawa. A cikin rufaffiyar mota iskar ta fi jikinta zafi, kuma numfashinta yana ƙara cika wurin da danshi, saboda haka hakin da take yi yana gajiyar da ita ne kawai, har ma yana ƙara mata zafi saboda aikin da tsokoki suke yi.

Injiniya, Kwangila:
Likita ya yi bayanin ɓangaren dabbar, bari in ƙara da ɓangaren motar, domin a nan ne mutane suke yaudarar kansu da batun sassauta gilashi. Hasken rana yana ratsa gilashi ya sauka a kan dashbod da kujeru da sitiyari, waɗanda yawanci baƙaƙe ne ko masu duhu. Su kuma sai su sha zafin su riƙa dumama iskar da ke ciki, iskar kuma ba ta da hanyar fita. Idan za a kwatanta, motar da aka faka a rana ta fi kusa da tanderun mai burodi fiye da ɗakin kwana.

An auna wannan abu, ba hasashe ba ne. A shekarar 2005 wasu masu bincike a jihar Kalifoniya ta Amurka suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa mota a ranakun da zafin waje yake tsakanin digiri 22 da 36. Sun samu cewa cikin awa ɗaya zafin cikin motar yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan ƙarin yana faruwa ne a rabin awar farko. Ko a ranar da waje yake digiri 22 kacal, cikin motar ya kai 47. Abin da ya fi dacewa da tambayar Hajiya shi ne, sun gwada barin gilashi a ɗan buɗe, suka ga bai sauya saurin hawan zafin ba ta yadda za a ce ya yi wani amfani. Siririyar kafar da muke bari saboda tsoron ɓarayi ba ta isa ta fitar da zafin da gilashin gaba kaɗai yake shigo da shi ba.

To a lissafa da Zariya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin rana yake kaiwa digiri 35 har ya doshi 40. Motar da aka ajiye a filin kasuwa da azahar za ta haye digiri 50 a ciki, kuma minti 20 ɗin da ake rainawa suna cikin lokacin da zafin ya fi saurin hawa.

Baban Khadija, Sabon Gari:
Na ji bayaninku, kuma batun cewa dabbar waje tana da inda za ta gudu ya shige ni. Amma Injiniya, duk lissafin nan naka na motar da aka bari a tsakiyar rana ne. Mai hankali ai inuwa yake nema. Idan mutum ya samu gindin dalbejiya ko mangwaro ya faka, ina matsalar take?

Injiniya, Kwangila:
Alhaji, inuwa tana rage saurin abin, amma ba ta kawar da shi. A 2018 wasu masu bincike a jihar Arizona, wadda zafinta na bazara ya yi kama da namu, suka faka motoci a rana da kuma inuwa a ranakun da zafi ya haura digiri 38. Bayan awa ɗaya iskar cikin motocin da ke rana ta kai kimanin digiri 47, dashbod kuwa ya kai 69, kujeru 51. Waɗanda ke inuwa iskarsu ta tsaya wajen 38, dashbod 48. Ka ga inuwar ta taimaka, amma digiri 38 a rufaffen wuri babu ruwa babu motsin iska ba wurin zaman dabba ba ne. Sannan kada a manta inuwa tana tafiya. Bishiyar da ta rufe motarka da ƙarfe 11 na safe, kafin 12 ta yi ta janye ta bar gilashin baya a fili. Kuma duk wanda ya san kasuwar Sabon Gari ranar Asabar ya san ba kai ne kake zaɓen wurin fakin ba, inda ka samu nan za ka tsaya.

Maman Abba, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida abin da kuka rubuta, ya ce cefanen zai bari sai da yamma. Abin da ya fi kama shi shi ne da na tuna masa cewa bai taɓa shiga kasuwar nan ya fito a lokacin da ya ɗiba wa kansa ba, domin ko ciniki bai tsayar da shi ba, gaisuwa za ta tsayar da shi.

Mai Tattabaru, Gyallesu:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Babu wanda yake rufe dabba a mota da niyyar ya daɗe, kowa minti 5 yake cewa. Sai layin banki ya yi tsawo, ko na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki, ko a kira salla mutum ya ce bari ya bi jam'i, ko ya haɗu da wani dattijon da ba a yi masa gaisuwar tsaye.

Ina so kuma jama'a su fahimci cewa wannan magana ba ta masu karnuka ba ce kaɗai, domin a garin nan masu kiwon tsuntsaye sun fi masu kare yawa nesa ba kusa ba. Mu masu tattabaru muna ganin wannan asara. Mutum zai sayi tattabaru masu tsada, 'yan ƙasar waje, a zuba masa su a kwali a huda ƙananan ramuka, ya ajiye a mota ya shiga wata sabgar. Na ga wanda ya dawo ya tarar da rabinsu sun mutu, sauran kuma sun buɗe baki sun saki fukafukai, sannan ya koma yana rigima da wanda ya sayar masa wai marasa lafiya ya ba shi. Likita, ko za ka ce wani abu game da tsuntsaye da zomaye?

Dakta, Samaru:
Malam, tsuntsaye ba su da hanyar zufa ko kaɗan, kuma zafin jikinsu tun asali yana sama, na kaza yana wajen digiri 41. Idan ka ga tsuntsu ya buɗe baki, maƙogwaronsa yana kaɗawa, ya ware fukafukai daga jikinsa, to yana iyakar ƙoƙarinsa ne na fitar da zafi. Kwali ya fi keji muni, domin yana riƙe zafi, kuma kowace tattabara tana dumama 'yar'uwarta. Haka abin yake ga aku da kanari. Zomo kuwa yana cikin dabbobin da suka fi rauni a wannan fanni, ta kunnuwansa yake fitar da yawancin zafi, kuma da zarar wuri ya haura digiri 30 ya fara wahala, ko da a harabar gida ne balle a mota.

A cikin karnuka da kyanwowi ma akwai waɗanda haɗarin ya fi kusa da su: masu gajeren hanci da shafaffiyar fuska, irin kyanwowin Farisa masu yawan gashi da matasa suke saya da tsada yanzu, da masu ƙiba, da tsofaffi, da jarirai, da masu ciwon zuciya ko na numfashi. Karnukan gadi masu kaurin gashi da ake shigo da irinsu daga ƙasashen sanyi su ma suna cikin wannan sahu.

Hajiya Mai Kaji, Hanwa:
Ni da nake kiwon kajin gidan gona zan shaidi maganar Likita. Duk mai wannan sana'a ya san ba a ɗaukar kajin nama da rana tsaka, sai da asuba ko bayan magariba, domin kazar da ta yi nauyi ba ta jure zafi ko na ɗan lokaci. Abin da yake ba ni mamaki shi ne masu saye. Mutum zai sayi kaji 10 na biki, a ɗaure musu ƙafafu, ya jefa su a but ya rufe, sannan ya tafi sayen kayan miya. But ɗin mota ba shi da taga, ƙarfe ne rana take duka kai tsaye, kuma a tsofaffin motocinmu hayaƙin salansa yana iya shiga ciki. Idan ya iso gida ya ga biyu sun mutu sai ya kira ni a waya yana faɗa. Yanzu duk wanda ya zo saye sai na tambaye shi ko daga nan gida zai wuce, idan ya ce yana da sauran zirga-zirga sai in ce ya je ya gama ya dawo, kajin suna nan.

Malam, Ƙofar Doka:
Bismillah. Na bi wannan tattaunawa tun daga farko, kuma ina so in ja hankalinmu cewa lamarin ya wuce asarar dukiya. Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba. Ku dubi yadda laifin ya ginu a kan tsarewa, wato hana dabba hanyar da Allah ya ba ta ta ceton kanta, wanda shi ne abin da Likita ya bayyana ta fuskar iliminsa. Haka kuma ya tabbata cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai lallage saboda ƙishirwa. Don haka ko wanda ba ya son kare ya kusance shi saboda abin da ya shafi tsarki, ba shi da hujjar barin sa ya mutu da zafi. Wanda ya ɗauki dabba ya sa a motarsa ya kulle, amanarta tana wuyansa har ya buɗe.

Baban Khadija, Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, wannan ba abin jayayya ba ne. Sai dai ina da sauran tambaya ga Injiniya. Wanda motarsa take da na'urar sanyaya wuri mai kyau, idan ya bar injin a kunne ya kulle da ɗayan makullin, ai ya fita daga wannan matsala.

Injiniya, Kwangila:
Alhaji, ya rage ta dai, amma ya rataya ran dabbar a kan na'urar da ba ya tsaye a kanta. Mota tana tsaye injin yana aiki a zafin Afrilu, fankar lagireto tana iya tsayawa, injin ya ɗauki zafi, na'urar sanyin ta daina aiki ta koma huro iska mai zafi, kuma a wannan hali gilasan a rufe suke ruf. Mai yana iya ƙarewa. Kare yana iya taka maɓalli ya kashe sanyin. Ko a ƙasashen da 'yan sanda suke da karnuka da motoci na musamman, an sha samun karnukan da suka mutu saboda na'urar sanyi ta lalace babu kowa a kusa. Mu kuwa da yawancin motocinmu 'yan kwatano ne da suka sha hanya, ban ga dalilin amincewa da su har haka ba. Ga kuma haɗarin barin mota a kunne babu kowa a wurin da jama'a suke kai da kawowa. Idan tsayawar ta zama dole, a tafi da mutum na biyu wanda zai fito da dabbar ya zauna da ita a inuwa.

Nas, Shika:
Likita, ina so ka yi mana bayanin alamomi da taimakon gaggawa, domin wata rana mutum zai iya tarar da abin ya riga ya faru. A wajen mutane, wanda zafi ya buge muna sanyaya shi nan take tun kafin komai. Amma na sha jin ana cewa kada a zuba wa dabba ruwa mai sanyi sosai, wai jijiyoyin fata za su tsuke zafin ya maƙale a ciki. Wanne ne daidai?

Dakta, Samaru:
Sista, alamomin farko su ne haki mai tsanani, dalalar yawu mai kauri, rashin natsuwa, da dasashi da harshe su yi ja wur. Idan abin ya ci gaba sai amai, gudawa wadda wani lokaci take zuwa da jini, tangaɗi, faɗuwa, jijjiga, sannan suma. Game da kyanwa a riƙe wannan: ita ba ta haki kamar kare a al'ada, saboda haka kyanwar da ta buɗe baki tana numfashi tana cikin hali na gaggawa.

Abin yi shi ne a fitar da dabbar zuwa inuwa, a fara sanyaya ta a nan wurin kafin a kama hanyar asibiti. A riƙa kwarara mata ruwa a jiki, musamman wuya da ciki da cinyoyi, ana kiyaye hanci da baki, ana yi mata fifita ko a sa ta gaban fanka. Ruwan leda da ake sayarwa a kowane lungu ya wadatar, ruwan randa ma haka. Kada a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul ko buhu, domin yana ɗaukar zafi ya riƙe shi a jikinta. Idan tana cikin hayyacinta a ajiye mata ruwa ta sha kaɗan-kaɗan da kanta, amma kada a ɗura mata, ruwan yana iya wucewa huhu.

Batun ruwa mai sanyi kuwa, tsohuwar koyarwa ita ce wadda kika ji, kuma an daɗe ana maimaita ta. Amma masu bincike a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan sun nuna a 'yan shekarun nan cewa jinkirin sanyayawa ya fi sanyin ruwan haɗari. Shawararsu ita ce kare matashi mai lafiya wanda yake cikin hayyacinsa ana iya tsoma jikinsa a ruwan sanyi, tsoho ko mai wata cuta ko wanda ya suma kuwa a zuba masa ruwa a haɗa da fifita. Saboda haka kada wani ya tsaya neman ruwa mai ɗumi alhali ga na sanyi a hannunsa. Da zarar hakin ya lafa dabbar ta fara dawowa daidai sai a dakata, kada a wuce gona da iri.

Abu biyu nake so in jaddada. Na farko, kada a ba dabba farasitamol da sunan sauke zazzaɓi. Wannan ba zazzaɓi ba ne, maganin ba zai sauke shi ba, kuma ga kyanwa guba ne mai kisa, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Na biyu, ko dabbar ta miƙe ta ci gaba da tafiya, a kai ta wurin likita a ranar. Lalacewar ƙoda da matsalar daskarewar jini sukan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin da mai ita ya riga ya saki jiki. Sau da yawa ƙarin ruwa da gwajin jini a ranar farko su ne suke raba wadda za ta rayu da wadda ba za ta rayu ba.

Ɗalibi, Kongo:
Ranku ya daɗe, ina da tambaya. Na karanta cewa a wasu jihohin Amurka doka ta ba mai wucewa damar fasa gilashin mota domin ya ceci dabba. Idan na ga haka a unguwar PZ, kare ko kyanwa na shirin mutuwa a motar da ban san mai ita ba, zan iya fasawa?

Barista, GRA:
Ƙanena, gaskiya ne wasu jihohin Amurka sun yi irin wannan doka, amma ko a can da sharuɗɗa, kamar a fara kiran hukuma, a tabbatar ƙofa a kulle take, kuma a tsaya a wurin har jami'ai su zo. Wasu jihohin kuma jami'ai kaɗai suka ba wa wannan dama. A Ingila mai dabbar yana iya fuskantar tuhuma a ƙarƙashin dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, amma wanda ya fasa gilashi shi ma yana iya samun kansa yana kare kansa daga tuhumar ɓarnata dukiya. A nan Arewa dokar hukunta laifuka ta Penal Code ta haramta zaluntar dabba, haka kuma ta haramta ɓarnata dukiyar wani, don haka ba zan ba ka shawarar ka ɗauki dutse kai kaɗai ba. Ka tara shaidu, ka kira mai gadin wurin ko ɗan sanda ko jami'in kula da hanya da ke kusa, ka ɗauki hoton bidiyo da yake nuna halin da dabbar take ciki da lambar motar, a aika yara shagunan da ke kusa su yi cigiyar mai ita. Idan jariri ne ko yaro a ciki, maganar ta sauya, ran ɗan Adam ba ya jiran cigiya, kuma jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba sau 3 zuwa 5.

Baban Khadija, Sabon Gari:
A nan kam ina tare da Barista ɗari bisa ɗari. Yaro, kada ka manta a ina kake. Ka fasa gilashin motar mutum a bakin kasuwa, kafin ka buɗe baki ka ce kyanwa wani ya yi ihun ɓarawo, kuma ka san abin da yake biyo bayan wannan ihu. Amma a kasuwanninmu neman mai mota ba ya wuya, masu gadin fakin da 'yan dako sun san wanda ya fito daga kowace mota da layin da ya shiga. Har yanzu dai ina ganin akwai lokacin da abin ba shi da haɗari, misali da sanyin safiya a watan Disamba.

Injiniya, Kwangila:
Da asubar hunturu kafin rana ta fito, na yarda da kai. Amma hunturun Zariya sanyinsa na dare ne da safiya, da hantsi ya yi zafin waje yana haura digiri 22 ɗin da na ambata a sama, wanda a cikinsa mota ta kai 47. Damina ma tana da nata, domin idan iska ta cika da danshi hakin kare ba ya aiki sosai, ko da gari ya yi lumshi.

Hajiya Mai Kaji, Hanwa:
Tun da Babbar Salla tana matsowa, kuma a shekarun nan tana faɗowa a watan Yuni ko ƙarshen Mayu lokacin da zafi da danshi suke haɗuwa, ina so Likita da Malam su ce wani abu game da raguna. Kowace shekara muna ganin an ɗaure rago ƙafa huɗu an cusa shi a but, an danne murfin, a taho da shi tun daga kasuwannin ƙauye, har a tsaya cin abinci a hanya.

Dakta, Samaru:
Hajiya, ragon da aka yi wa haka abu uku ne suke haɗuwa a kansa. Akwai zafin but ɗin, akwai hayaƙin da kika ambata, sannan akwai kumburin ciki. Dabba mai tuƙa tana tara iska a tumbinta koyaushe, kuma tana fitar da ita ta hanyar gyatsa. Idan aka kwantar da ita a gefe ɗaya aka ɗaure na tsawon lokaci, gyatsar ba ta fita yadda ya kamata, tumbin ya kumbura ya danne huhu, a daidai lokacin da take buƙatar yin haki saboda zafi. Ragon da aka yi wa kiwon turke ya yi ƙiba shi ya fi saurin faɗawa wannan hali. A ɗauko shi da sassafe ko da yamma, a buɗaɗɗiyar mota ko a-kori-kura inda zai tsaya da ƙafafunsa ko ya durƙusa a kan ƙirjinsa, kada a cika masa ciki da dusa dab da tafiya, kuma idan an tsaya a hanya a sauke shi a inuwa a ba shi ruwa.

Malam, Ƙofar Doka:
Ta fuskar hukunci kuma, dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana tana cikin waɗanda ba sa isarwa a layya, kamar yadda ya zo a hadisin aibobi huɗu. Wanda ya buɗe but ya tarar ragonsa ya mutu, mushe ne, sai ya nemi wani idan yana da hali. Wanda kuma ya tarar da shi yana shure-shure a jajibirin salla ya yi sauri ya sa masa wuƙa, ya samu nama idan ya riske shi da rai, amma ba layya ya yi ba, domin lokacinta ba ya shiga sai bayan an sauko daga idi.